Yadda Za Ka Mai Da Tsohon Magagari Wuƙa

Ya kai manomi, in kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, ga wani aiki wanda zai ɗebe maka kewa da rani, ya kuma bar maka abin amfani. Tsohon magagarin da haƙoransa suka cinye, kada ka yar da shi. Akwai sinadarin gawayi cikin ƙarfensa, wajen kashi 1 cikin 100, shi ne kuwa ke sa wuƙa ta riƙe kaifi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ka roƙi maƙerin garinku ya bar ka ka yi aikin a maƙerarsa, yana duba ka. Ka tanadi gawayin ƙirya, da awartaki, da sabon magagari, da maganaɗisu, da man gyaɗa cikin gwangwani mai murfi.

Tun da fari ka gwada ƙarfen, domin waɗansu magagaran zamani bayansu kaɗai ke da tauri. Gasa tsininsa ya yi ja, tsoma shi a ruwa, rufe da tsumma, ka buga. In ya karye, mai kyau ne. In ya lanƙwashe, nemi wani.

To, ka sani wuƙar kirki sai ta sha wuta sau uku.

1. Wutar laushi. Gasa magagarin duka har ya yi ja, sa'an nan ka binne shi cikin toka mai zafi ya kwana. Da safe za ka tarar ya yi laushi. Goge haƙoran sarai da sabon magagari, ka fid da siffar wuƙa. Wutsiyarsa ka bar ta, ita ce za ta shiga ƙota. Kada ka fere bakin ya yi siriri tukuna. Bar masa kaurin milimita 1, don kada ya tsage.

2. Wutar tauri. Yi wannan a inuwa, domin hasken rana yana ɓoye launin ƙarfe. Gasa wuƙar a hankali, kana kusanta ta da maganaɗisu. In ya daina kama ta, zafinta ya kai wajen digiri 770 na ma'aunin Salshiyas. Ƙara mata wuta kaɗan, ka tsoma ta nan da nan cikin man, wanda ka riga ka ɗumama, tsini ƙasa. Kada ka tsoma a ruwa, gama ruwa yakan tsaga irin wannan ƙarfe. In man ya kama wuta, rufe gwangwanin, kada ka zuba ruwa. Bayan ta huce, goga magagari a bakinta. In ya zame bai ci ba, ta yi tauri.

3. Wutar sassauci. Nan ne masu gaggawa ke ɓata aikinsu. Wuƙar yanzu kamar tangaran take. In ka yi aiki da ita haka sai ta karye, ɓarɓashinta kuwa yana iya tsiyaye maka ido. Saboda haka goge ta da dutse ta yi fari, ka ɗora bayanta bisa garwashi marar ƙarfi, baki sama, ka zuba ido. Da bakin ya yi launin busasshen karan dawa, watau wajen digiri 220, ɗauke ta ka sanyaya. In ka bari ya yi shuɗi, ta yi laushi, sai ka koma wuta ta biyu.

Saura ƙota. Sassaƙa ta da icen aduwa ko na marke busasshe, ka huda, ka soka wutsiyar ta zauna daram. Wasa bakin a dutse da ruwa, ka kai wa baduku ya ɗinka kube.

Gargaɗi: kada ka hura gawayi cikin ɗaki rufaffe, gama iskarsa tana kisa ba tare da wari ba. Yara kuma su tsaya nesa da man.

In ka gama, shafa mata mai kowane lokaci bayan aiki, don tsatsa.