Hafsa Mai Lamba Ɗaya: Wellington Bassey da Makarantar Soja ta Zariya

An shirya wannan darasi ne domin hakimai da malamansu na ƙasar Gwandu, musamman na Jega da Aliero da Maiyama. A kan sami uba ya zo gaban hakimi neman takardar shaida don ɗansa ya shiga jarrabawar Makarantar Soja ta Zariya. Ya kamata mai sa hannu a takardar nan ya san asalin makarantar, ya kuma san mutumin da aka fara damƙa wa amanarta.

Daga kurtu zuwa hafsa

A zamanin Turawa sojan Nijeriya reshe ne na rundunar Afirka ta Yamma, wadda ta haɗa Nijeriya da Gwalkwas, watau Gana ta yanzu, da Saliyo da Gambiya. Hafsoshi duka Turawa ne. Ɗan ƙasa kuwa, kome ƙwazonsa, iyakarsa samanja. Da aka yi Yaƙin Duniya na Biyu sojojinmu suka yi yaƙi a Habasha a 1941, sa'an nan a Bama daga 1943 zuwa 1945, suka nuna ba abin da ya gagare su. Bayan yaƙi sai hukuma ta ga lalle a fara ba 'yan ƙasa muƙamin hafsa.

Wellington Bassey mutumin kudu maso gabas ne, daga yankin Kalaba. Ya shiga soja daga ƙasa, ya bi matakan igiya ɗaya bayan ɗaya, har aka ba shi muƙamin hafsa a 1949, shekara guda da Aguiyi-Ironsi da Ademulegun. Da aka zo raba wa hafsoshi 'yan ƙasa lambobi, shi ya sami lamba ta ɗaya. 'Yan Arewa na farko, Zakariya Maimalari da Umar Lawan, sai a 1953 suka fito daga makarantar hafsoshi ta Sandhurst a Ingila.

Kamfanin Yara

Samun hafsoshi kaɗai bai isa ba. A lokacin nan saje-saje Turawa ke riƙe da yawancin ayyukan da ke bukatar ilmi, kamar aikin akawu, da na waya, da gyaran mota da makamai. An san ranar tafiyarsu ta kusa. Kuratan da a ke ɗauka kuwa galibinsu manya ne, ba su yi boko ba, koya musu irin waɗannan ayyuka yana da wuya. Dabarar da aka yi ita ce a ɗauki yara tun suna ƙanana, a haɗa musu karatu da horon soja wuri guda, gama icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Ran 20 ga Mayu, 1954, aka buɗe Kamfanin Yara a Zariya, a ƙarƙashin barikin da a ke koyar da kurata. Aka fara da yara 30, 'ya'yan sojoji da waɗanda sojoji ke riƙo. Aka naɗa Kyaftin Bassey ya zama shugabansu na farko.

Aikin nan ba ƙarami ba ne. Hafsan da ke riƙe da manyan sojoji umurni kawai ya ke bayarwa a bi. Mai riƙon yara kuwa dole ya zama kwamanda a filin fareti, malami a aji, uba a ɗakin kwana. Shi zai lura da cinsu da lafiyarsu da tsabtarsu, ya san wanda kewar gida ta kama, ya san inda za a tsananta da inda za a sassauta. Yaran suna koyon Turanci da lissafi da sauran darussa, suna kuma koyon maci da riƙon bindiga da karatun taswira. Wanda ya taɓa zama kurtu, ya san zafin rana a filin horo, shi ya fi dacewa ya san iyakar abin da yaro zai iya ɗauka. Bugu da ƙari, yaran nan sun buɗe ido sun ga ɗan ƙasa irinsu da tauraro a kafaɗa, abin da iyayensu ba su gani ba sa'ad da suka shiga soja.

A 1960 aka sāke wa kamfanin suna, ya zama Makarantar Soja ta Nijeriya. Sannu a hankali ta zama cikakkiyar sakandare, tana ɗaukar yara daga ko'ina cikin ƙasa.

Sauran aikinsa

Bassey bai yi nisa da aikin horo ba. A watan Janairu na 1966 shi ke shugabancin barikin kurata na Zariya, bayan haka aka ba shi riƙon birged ta Kaduna. Amma ƙarin girma bai zo masa da sauri ba. Ironsi, wanda suka zama hafsoshi shekara guda, ya kai Manjo-Janar ya shugabanci sojan ƙasa duka a 1965, alhali mai lamba ɗaya yana Laftanan-Kanar. Bai bar aiki don haka ba, ya ci gaba har ya huta yana Birgediya. An sa sunansa ga barikin soja na Ibagwa da wani babban titi a Uyo, cikin Jihar Akwa Ibom.

Amfanin aikinsa na Zariya sai daga baya ya bayyana. Makarantar da aka kafa don samun saje-saje ta fid da manyan ƙasa. Joseph Garba ya riƙe ma'aikatar harkokin waje daga 1975 zuwa 1978, ya kuma shugabanci babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya a 1989. Tunde Idiagbon shi ne na biyu a gwamnatin soja ta 1984 zuwa 1985. Buba Marwa ya yi gwamnan Barno da na Legas. David Mark ya shugabanci Majalisar Dattijai daga 2007 zuwa 2015. Dukansu sun bi ta makarantar da Bassey ya aza harsashinta.

Abin lura ga hakimai da malamansu

A da mutanen Arewa da yawa suna ganin soja aikin marasa gata ne, har Sardaunan Sakkwato da ministocinsa suka riƙa kwaɗaitar da 'yan makaranta su shiga. Yanzu ra'ayin nan ya kau. Sarkin Gwandu Muhammadu Iliyasu Bashar, wanda ya hau gado a 2005, Manjo-Janar ne mai ritaya. Tun da masu nema sun yi yawa, nauyin mai ba da shaida ya ƙaru. Don haka a kiyaye waɗannan:

1. Kada a rage wa yaro shekaru, kada kuma a ƙara masa. Ƙaramin da aka ƙara wa shekaru horo zai fi ƙarfinsa, babban da aka rage wa kuwa ya tare gurbin wani.

2. Kada a ba da shaidar asali sai an tabbata ta bakin dagaci da mai unguwa. Shaidar da aka ba wanda bai cancanta ba, haƙƙin wani yaro ne na gundumar aka ɗauke.

3. A tambayi yaron kansa ko yana so. Makarantar soja ba gidan kangararru ba ce da uba zai kai ɗan da ya gagare shi.

4. Malamin hakimi ya buɗe littafi ya riƙa rubuta sunan kowane yaro da aka ba shaida, da sunan ubansa, da ƙauyensu, da ranar da aka ba shi.

5. Kada a duba gidan da yaro ya fito. Ɗan mai noman albasa a Aliero da ɗan attajirin kasuwar Jega haƙƙinsu ɗaya.

Bassey ya karɓi yara 30 ya riƙe su da gaskiya, ƙasa ta ci moriyar riƙon nan shekaru da yawa. Hakimin da ya sa hannu a takardar yaro guda, shi ma irin amanar nan ce a wuyansa.