Ɗorin da ya kashe hannun ɗan ninkaya

Shekararsa 14, ɗan Tudun Wada ne nan cikin Gombe, kuma tun yana ƙarami nake yi masa gashi a ƙafar hagu. 'Yan gidansu har gobe shan inna suke cewa, alhali allura ce aka soka masa a ɗuwawu a wani kemis, ta taɓa jijiya, ƙafar ta saki ta tsotse. A tudu jan ta yake yi, amma in ya faɗa ruwa sai ka rantse lafiyarsa ƙalau. A Dadin Kowa ya koyi iyo wajen kakanninsa, can kuma ya kwaso tsargiya, sai da muka sha fama kafin fitsarin ya washe. Daga baya wani malamin iyo ya gan shi, ya riƙa shigar da shi wurin ninkaya na wani otal da sassafe yana riƙe masa agogo. Har an fara maganar kai shi a tantance ajinsa na gasar ninkayar nakasassu. A ganina S10 zai faɗa, ko S9.

Ana cikin haka ya faɗo daga kan babur, ya karye a hannun dama ƙasa da gwiwar hannu. Karaya mai sauƙi, wadda hoto da filasta za su gama da ita. Sai kawunsa ya ce asibiti yanke hannu suke yi, aka nufi gidan mai ɗori. Aka jera karare, aka naɗe da tsumma, aka ɗaure tamau. Yaro ya kwana yana ihu, yatsu suka kumbura suka yi baƙi, manya suka ce ai ɗori ne yake kamawa. Wani ma tramol ya sayo masa don mutanen gida su samu barci. Da aka kwance, fata duk ta yi bororo.

Bayan watanni aka kawo mini shi, yatsu a ƙanƙance, wuyan hannu a lanƙwashe. Ƙanƙancewar tsokar da ake kira Volkmann ce sak. Mahaifinsa ya ce, "Likita, ku dai gasa masa, ku kuka san kan abin." Na ce, "Alhaji, tsokar da ta mutu gashi ba ya tayar da ita." Sai ya ce ƙaddara ce. Faɗuwar ƙaddara ce, na yarda. Ɗaurin kuwa hannun mutum ne ya yi shi, mutane suna zaune suna jin kukan yaro.

Abin da ya fi ƙona mini rai, wani cewa ya yi ai yanzu zai koma ajin da gasa ta fi sauƙi. Babu aji mai sauƙi daga S1 har S10. Kuma mai raunin ƙafa da me yake iyo in ba hannu ba? Natalie du Toit ta Afirka ta Kudu an yanke mata ƙafa a 2001, amma a Olamfik ta Beijing a 2008 ta yi tseren kilomita 10 da masu ƙafa biyu, ta zo ta 16. Hannuwanta ne suka kai ta. Lambobi 7 Najeriya ta samo a gasar nakasassu ta Paris a 2024, babu ko ɗaya daga ninkaya, ga shi wanda muke rainonsa mun lalata shi da tsumma.

Na tura shi wajen likitocin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Tarayya, ko tiyata za ta buɗe yatsun ya iya riƙe cokali.

Ciwon da ke ƙaruwa bayan ɗauri ba waraka ba ce. In yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko suka daina ji, a kwance nan take a tafi asibiti, ko da tsakar dare ne. Awa 6 ta isa tsoka ta fara mutuwa. Filastar asibiti ma in ta matse haka ne, a dawo a tsaga ta. Kada a ba yaro ƙwayar da za ta rufe masa baki. A kwance, na sake faɗa, kada a jira mai ɗori ya dawo daga kasuwa. Allurar ɗuwawu a kemis kuma ku rabu da ita. Masu sandar hammata, ku daina sakar mata nauyinku, ita ma tana kashe jijiyar hannu.