Yadda Ake Sabunta Manhajar Na'urar GPS ta Hannu Ba Tare da Ɓata Awon Gona Ba

Malamin gona da ke awon gonakin shinkafa da masara a Tudun Wada da Ƙiru kafin a raba bashin taki da iri, da safiyo mai shata filaye a Bebeji, da ma'aikacin gandun daji a Falgore, da mai neman lasisin haƙar ma'adinai a Riruwai ta Doguwa, duk da na'urar GPS ta hannu suke aiki, galibi Garmin eTrex ko GPSMAP 64. A tsakaninsu akwai wata gurguwar shawara da ke yawo, wai duk sabuwar manhajar da ta fito a ɗora ta, har da ta gwaji wadda ake kira beta, don na'ura ta ƙara kaifi. Hukuncina a kan wannan a fili yake: kada ka ɗora manhajar gwaji a kan na'urar da kake cin abinci da ita. Ita beta kamfani na sakinta ne don masu amfani su gano masa kurakuran da bai gano ba tukuna. Wanda ya ɗora ta ya amince ya zama wurin gwaji, kuma gonar talakan da za a yanka wa bashi a kan lambar da ka rubuta ba wurin gwaji ba ce.

Mutane sun fi jin tsoron na'ura ta mutu murus, ta tsaya a kan tambarin kamfani ta ƙi wucewa. Hakan na faruwa, kuma idan ya same ka a tsakiyar dajin Falgore, inda sabis ɗin waya ke ɗaukewa, aikin ranar ya tashi ke nan. Amma mutuwar na'ura da sauƙi, domin ka gani da idonka. Wadda ta fi haɗari ita ce na'urar da ke kunnuwa lafiya lau, tana ba da lambobi, alhali saitinta ya sauya ko tana tsallake wasu ɗigo a layin da kake zagayawa. Saboda wannan haɗarin ne aka tsara matakan da ke tafe, kuma da su ake sabunta kowace manhaja, har wadda kamfani ya tabbatar.

Da farko zaɓi lokaci. Ba a taɓa manhaja ana gobe fita awo, kuma ba a taɓa ta daga watan Mayu zuwa Yuli, lokacin da ake rububin tantance gonaki. A bari sai bayan kaka, ko makon da babu aiki. Na biyu, shiga Setup, ka buɗe About, ka rubuta lambar manhajar da ke kai a takarda.

Na uku, kwashe bayananka. Jona na'urar da kwamfuta, za ta bayyana kamar filas, sai ka kwafe jakar da aka rubuta wa Garmin ɗungurungum. A cikinta akwai jakar GPX, inda alamomin wurare da layukan da ka zagaya suke. Buɗe su a manhajar BaseCamp ta kwamfuta ka ga gonakin sun fito kafin ka yarda cewa ka ajiye. Wannan ya zama dole ne domin komawa tsohuwar manhaja bayan an ɗora sabuwa yakan mayar da na'ura yadda ta fito daga masana'anta, abin da ke kai ya tafi. Masu cewa in beta ba ta yi ba sai a sauke ta, wannan ne ba sa faɗa.

Na huɗu, batir da waya. Sa sababbin batira biyu na AA masu kyau, Duracell ko Eneloop mai caji da aka cika. Na kan tebur masu arha ba na wannan aikin ba ne, domin ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubuta manhaja ita ce hanya mafi kusa ta kashe na'ura, kuma kuɗin batir mai kyau bai kai komai ba a kan na sabuwar eTrex. Yi amfani da laftof mai cikakken caji, da wayar USB da ba ta sakin jiki. Na biyar, samo manhajar ta Garmin Express kaɗai. Fayil ɗin da wani ya turo a WhatsApp, ko mai filashin waya ya ce yana da shi, bar shi, domin kowane samfuri da nasa fayil, kuma ba ka san inda wancan ya biyo ba. Idan an fara sabuntawa, kada ka cire waya, kada ka danna komai, sai na'urar ta gama ta tashi da kanta.

Mataki na shida shi ne wanda ake tsallakewa, kuma a nan ɓarnar take. Kafin sabuntawa ɗauki hoton shafin Position Format da na Units da wayar hannu, bayan sabuntawa ka kwatanta layi bayan layi. Abu uku ake dubawa. Akwai tsarin rubuta lamba: na'ura na iya nuna digiri da minti, ko digiri da ɗigo zalla. Digiri 11 da minti 30 daidai yake da 11.5, to idan magatakarda ya kwafe shi a matsayin 11.30 ya kauce da kimanin kilomita 22, wato gona ta bar ƙaramar hukumarta ta faɗa wata. Akwai kuma ma'aunin tushe da ake kira datum. GPS na aiki da WGS 84, tsofaffin taswirorin Najeriya da takardun safiyo da yawa kuwa a kan na Minna aka yi su, kuma tazarar da ke tsakanin biyun ta kai gomomin mita a ƙasa. Wannan ya isa ya jefa dutsen iyaka cikin gonar maƙwabci, a wurare irin kewayen madatsar Tiga inda ƙasar noman rani ke da daraja. Mai aiki da tsarin lamba na UTM ya tabbatar yana ganin 32P, shi ne yankin da Kano take. Sai ma'aunin faɗi. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, ta kai kusan eka 2.47. Idan na'ura ta koma eka kai kuma kana cike fom da sunan hekta, ka ɗora wa manomi bashin da ya ninka ƙarfin gonarsa fiye da sau biyu, kuma ranar biya ba za a nemi na'ura ba, shi za a nema. Duba nau'in batir a System shi ma, don alamar caji ta faɗi gaskiya.

Na bakwai, gwaji. Ajiye na'urar a fili, nesa da bishiya da rufin kwano, na kwata ɗaya na awa ko fiye, domin cikakken jadawalin taurarin ɗan adam na ɗaukar minti goma sha biyu da rabi kafin ya sauko. Daga nan je wurin da ka riga ka san lambarsa, kamar rijiyar burtsatse ko kusurwar masallaci, ka kwatanta. Bambancin mita uku zuwa biyar halin na'urar ne. Sannan zagaya filin da ka san girmansa, na ƙwallon makaranta ma ya isa, sau biyu. Idan awon ya yi nisa da na da, kada ka fita aiki da ita.

Za a ce ai beta kan zo da gyara, kuma in kowa ya ƙi gwadawa yaushe kamfani zai gane kuskure. Gaskiya ne, amma gwaji aikin mai na'ura biyu ne. Ofishin da ke da ta ajiya zai iya ɗora beta a kanta, da sharaɗin cewa jerin gyare-gyaren da aka wallafa ya ambaci ainihin matsalar da ke damunsa, kuma kada lambar da ta fito daga gare ta ta shiga takardar hukuma. Wasu kuma sukan zarce ɗaya gefen, su ce to a daina sabuntawa gaba ɗaya. Wannan ma kuskure ne. A ranar 6 ga Afrilu 2019 lissafin makonnin GPS ya cika 1,024 ya koma sifili, wasu tsofaffin na'urori suka riƙa nuna kwanan wata na bogi, kuma sabuntawar kamfani ce maganin. Sai dai ko abin da kamfani ya saki da kansa yana iya zuwa da cikas: a Janairun 2025 wani gurɓataccen fayil na bayanan taurari ya sa agogunan Garmin da yawa suka maƙale a faɗin duniya. Don haka ko tabbatacciyar manhaja ce, ba ta mako biyu ko uku ka ji labarinta a bakin wasu.

Shugabannin ma'aikatan gona da na safiyo a waɗannan ƙananan hukumomi huɗu su ɗora wannan aiki a kan mutum ɗaya, ya riƙe littafin da ke nuna lambar manhajar kowace na'ura da saitinta, kuma kada a miƙa wa ma'aikaci na'urar da ba a gwada a kan sanannen wuri ba.