Ƙasar Kowa: Abin da Doka Ta Ce Kan Daji, Burtali da Namun Dawa a Boɗinga da Shagari

A watan Afrilu na 2022 jirgin ruwa ya kife a ruwan Shagari, mutum 29 na ƙauyen Gidan Magana suka rasu, yawancinsu yara da matasa. A watan Mayu na 2023 aka kuma, wannan karon a Dandeji, inda aka tsamo gawar yara 15. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri. Duka biyun kuwa abu ɗaya ya fitar da su daga gida: itacen girki za su yo a ƙetare.

An yi magana a kan lodin da ya wuce ƙima, da tsufan jirage, da rashin rigar ruwa, kuma duk gaskiya ne. Amma jama'a, akwai tambayar da ta riga waɗannan. Me ya sa yarinya za ta hau jirgi don neman itace, alhali kakarta bayan gari kawai take fita ta cika gammo kafin rana ta yi zafi? Dajin da ke bayan gari ne ya tafi. Gonar mutum tana da mai ita, in ka taɓa iyakarta sai kun je gaban alƙali. Daji da burtali da mashaya kuwa na kowa ne, shi ya sa kowa ke yanka, ba mai kai ƙara. Wannan takarda an rubuta ta ne don a san cewa irin wannan ƙasa ma doka ta san da ita.

Ƙasa a hannun wa take?

Kada wani ya ce muku tsare daji baƙon abu ne da Turawa suka kawo. Malam Abdullahin Gwandu, ƙanen Shehu Usmanu, wanda ya zauna a nan Boɗinga lokacin da Shehu yake Sifawa, ya rubuta littafi sukutum mai suna Ta'alimur Radi a kan yadda ake mallakar ƙasar da ba mai ita. A fiƙihun da ya bi, wanda ya raya mataccen fili ya mallake shi, amma kowane gari yana da haraminsa, wato filin da ke kewaye da shi inda mutane ke yin itace, dabbobi ke kiwo su dawo, kuma ba a ba mutum ɗaya shi. Rijiya tana da nata, kogi yana da nasa. Shugaba kuma yana da ikon keɓe hurumi don amfanin jama'a, kamar yadda Sayyidina Umar ya keɓe filin Rabaza don dabbobin zakka. Wannan shi ne asalin hurumin da tsofaffinmu suka sani.

Da sojojin Baturen mulki Lugga suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, ya shelanta cewa iko da ƙasa ya koma hannun gwamnatin Ingila. A 1910 aka sa wannan a doka, aka ce ƙasar Arewa tana hannun Gwamna yana riƙe da ita don amfanin 'yan ƙasa. Gwamnatin Sardauna ta sabunta dokar a 1962. Sannan ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta fitar da Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta ɗauki tsarin Arewa ta shimfiɗa wa Nijeriya duka. Ita ce ke aiki har yau, kuma an ɗaure ta a jikin tsarin mulki na 1999, sashe na 315, yadda majalisar jiha ba ta isa ta soke ta ba.

To, a lura da kyau. Dokar ta ce duk ƙasar jiha tana hannun Gwamna a matsayin amana. Mai riƙon amana ba mai dukiya ba ne. Filayen birni Gwamna ke ba da su da kansa. Na karkara kuwa, irin yawancin ƙasar Boɗinga da Shagari, ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin zama na gargajiya, kuma an yi mata iyaka: ba za ta ba mutum ɗaya fiye da hekta 500 na noma ko hekta 5,000 na kiwo ba sai da yardar Gwamna. Wanda ya gaji gonarsa tun kafin 1978 yana nan a kan hakkinsa ko da ba shi da takarda. Sayarwa ko jingina ta gonar karkara kuwa, doka ta ce sai da amincewar ƙaramar hukuma. Mutanenmu sukan tsaya ga shaidar mai gari da dattawa biyu. Wannan yana da kyau, amma shaidu suna mutuwa, takarda kuwa jikoki suna tarar da ita.

In gwamnati ta karɓi gonarka

Gwamna yana da ikon janye izinin kowa don aikin da jama'a za su amfana, kamar hanya ko asibiti ko madatsar ruwa. Sai dai dole a ba mai fili sanarwa a rubuce, kuma dole a biya diyya. Ga inda mutane da yawa ke tuntuɓe: diyyar da dokar ta tanada ta abin da ke kan ƙasar ce, wato gini, da rijiya, da shuka, da itatuwa masu amfani. Manomin da ya share gonarsa ƙal, ba mangwaro ba tsamiya ba ɗorawa, ranar ƙidaya abin da za a rubuta masa kaɗan ne. In an saɓa a kan yawan kuɗin, kwamitin rabon filaye na jiha ake kai wa kuka.

Mun ga abin da rashin gyara wannan ya jawo. Madatsar Bakolori da ke kusa da Talatar Mafara, wadda a lokacin tana cikin Jihar Sakkwato, ta cinye gonaki da gidajen dubban mutane. Aka yi ta jan ƙafa wajen diyya, manoma suka tare hanyoyi, a watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka rasa rayuka da yawa. Wannan ya faru ne Alhaji Shehu Shagari, ɗan wannan ƙasa tamu, yana shugaban Nijeriya, a shekarar da gwamnatinsa ta ƙaddamar da shirinta na bunƙasa noma. Ba mu kawo wannan don tonon silili ba. Mun kawo shi ne don a ga cewa aiki mai kyakkyawar niyya ma yana zama masifa in an raina mai gona. Tun 1992 akwai dokar tarayya da ta tilasta a binciki illar duk wani babban aiki ga muhalli kafin a fara shi, a baje rahoton inda jama'a za su gani su faɗi ra'ayinsu. Duk garin da ya ga ma'auna sun sauka da tutocinsu, ya tambayi wannan rahoto tun ba a kawo katafila ba.

Burtali da makiyaya

A 1965 gwamnatin Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya, jihohin da aka yanka daga Arewa suka gaje ta. An keɓe wurare da yawa, amma kaɗan daga cikinsu aka auna aka buga a jaridar gwamnati. Wurin da ba a buga ba, ƙarfinsa a kotu kaɗan ne. Shekara ta zo a ci taku biyu daga wannan gefe, wata shekara a ci uku daga wancan, har burtalin da garke ke wucewa a sake ya koma hanyar da jaki ɗaya ke bi da ƙyar. Saniya kuwa ba ta tashi sama. Da kaka ta yi sai ɓarna, sai sanda, sai gaban hukuma, wani lokaci sai abin da ya fi haka muni, kuma kowa ya san inda wannan ya kai maƙwabtanmu na Zamfara. A ganina manomin da ya shuka gero a burtali da makiyayin da ya saki shanu a gona da gangan laifinsu ɗaya, amma wanda ya sa hannu aka yanka makiyaya aka sayar ya fi su duka biyun.

Namun dawa

Dokar namun daji ta Arewa ta 1963 ta kasa dabbobi kashi-kashi: waɗanda ba a taɓawa sam, da waɗanda sai da lasisi. Ta kuma hana wasu hanyoyin farauta, irin su guba da cinna wa daji wuta don koro nama. A 1985 gwamnatin tarayya ta ƙara da dokar hana fataucin dabbobin da ke neman ƙarewa, aka tsananta tararta a 2016.

Gaskiya ita ce a nan wajenmu doka ta tarar an riga an gama da mafi yawa. Ku tambayi yaro ɗan shekara goma ko ya taɓa ganin barewa ko jimina ko gauraka a daji. Abin da ya rage zomo ne da bushiya da zabin daji da fakara, su ma farautar gayya ta rani da karnuka da babura tana bin su har rami. Ungulu da a da take cika mahauta ta yi wuyar gani, saboda masu sayen kanta don magani da masu sa wa mushe guba. Ita kuwa ita ce ke kwashe mushen da zai jawo cuta. Amma nama yana dawowa in an bar shi. A Kure, kusa da Yamai, raƙuman dawa sun ragu zuwa kusan 50 a 1996. Gwamnatin Nijar ta hana taɓa su, aka sa mutanen ƙauyukan cikin tsaron, aka ba su rabo daga kuɗin masu zuwa kallo. Bayan shekara 20 da ɗoriya sun haura 600, suna kiwo a gefen gonakin wake.

Itace, da wanda ya mallake shi

Nan ne ya kamata mu daɗe. Tun dokar gandun daji ta 1937, ta zamanin Turawa, tsarin shi ne hukuma ta keɓe gandu, ta lissafa itatuwan da ba a sarewa sai da izini, ta sa malamin daji ya kama mai laifi. Niyya mai kyau ce. Sai dai ta koya wa manomi cewa gawon da ke tsakiyar gonarsa na hukuma ne, in ya girma zai jawo masa tara. Mai wayo sai ya tumɓuke shi tun yana toho. Bayan farin 1973 da na 1984 an yi ta dashe, ana raba dogon yaro kowace damina, tun 2015 kuma ga hukumar babbar katangar itatuwa ta tarayya tana aiki a jihohi 11 har da Sakkwato. Amma dashen da ba mai shi, akuya ke gadonsa kafin bazara.

'Yan'uwanmu na Maraɗi sun bi wata hanya. Tun wajen 1983 manoman can suka fara abin da suke kira sassabin zamani. Ba a dasa komai. Lokacin sharar gona, maimakon a sare duk tohon da ke fitowa daga tsohon kututture, sai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Saiwar tana nan da rai a ƙasa, don haka sabara da kalgo da gawo da aduwa suna tashi da saurin da dashe ba ya yi. Abin ya bazu zuwa Damagaram da Tawa, har masu bincike suka ƙiyasta hekta miliyan 5 sun farfaɗo, da itatuwa wajen miliyan 200. Abin da ya ba shi ƙarfi shi ne hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne, ya sassabe reshe ya kai gida ba mai kama shi. Dokar karkara ta Nijar ta 1993 da ta daji ta 2004 suka zo suka ƙarfafa wannan. Ƙasarsu ta fi tamu ƙarancin ruwan sama. Gawo kuwa manomi ya san shi: yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, ganyen ya zama taki, 'ya'yan su zama abincin tumaki da rani.

Sashe na 20 na tsarin mulki ya ɗora wa gwamnati kare ruwa da iska da ƙasa da daji da namun dawa. Sha'anin gandun daji kuma na jihohi ne, wato Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato tana da ikon gyara shi ba sai an je Abuja ba. Boɗinga da Shagari suna da wakilai a wannan majalisa. In sun zo gida, bayan gaisuwa, a nemi abu uku a wurinsu. A rubuta ƙarara cewa itacen da manomi ya rena a gonarsa nasa ne. A sabunta tarar masu sare ɗanyen itace don gawayi su loda a mota, domin tarar da aka yanka tun kuɗi na da daraja ba ta tsorata kowa yau. A kuma ware kuɗin aunawa da buga sauran makiyaya da burtali a jaridar gwamnati.

Kafin majalisa ta motsa, akwai abin da gari zai iya yi da kansa a ranin nan. Mai gari da liman da arɗo da sarkin noma da sarkin dawa su fita tare da tsofaffin da suka san iyakoki, a taka hurumin gari da burtali da mashaya, a kafa alama da duwatsu ko a dasa aguwa. A rubuta abin da aka gani, kowa ya sa hannu, uban ƙasa ya shaida. A kai kofi ɗaya ofishin filaye na ƙaramar hukuma a nemi a yi wa wurin rajista da sunan al'umma, a karɓi shaidar an karɓa, a ajiye ɗaya a wurin liman. A zaman kuma kada a manta da mata, domin su ne suka san inda itace ya ƙare da inda ya rage.