Darasi: Kare Kai Daban, Ramuwar Gayya Daban

Ƴan uwa makiyaya, mai kwana a daji da bisashe ba ya rasa gamuwa da dila, kura ko maciji. Masu shayar da garke a kogin Isa, wajen Yamai da Ayoru, suna haɗuwa da dorina. A shekarar 2014 dorina ta kifar da kwalekwale kusa da Yamai, mutane 13 suka rasu, galibinsu yara. To, yaushe doka ta yarda a kashe naman daji?

Abin da doka ta ce

Dokar farauta da kare namun daji ta Nijar ita ce mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998. Ta ba wasu namun daji cikakkiyar kariya, kamar raƙumin dawa da ake gani a Kure da Gadabeji. Wanda ya kashe dabba a daidai lokacin da ta afka masa, ko ta afka wa wani, ya kare kai ne. Amma wanda kura ta ci masa tunkiya jiya, yau ya bi sawunta har rami, wannan farauta ce ba izini. Zuba guba a mushe ma laifi ne, kuma takan hallaka ungulu da karnukan garke.

Idan kun yi kiciɓis

1. Kada ku shiga tsakanin dorina da ruwa, ko tsakanin uwa da ɗanta.
2. Ku ja da baya sannu, fuskarku na kallon dabbar.
3. Dila da kura sukan guje wa ihu, fitila da wuta.
4. Dilar da ta shigo rugga da rana ba ta tsoron mutane, ku yi zaton haukan kare. Wanda ta ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, ya nufi likita ranar nan.

Idan kisa ya zama tilas

Ku sanar da mai gari ko arɗo, da ma'aikatan gandun daji, ba tare da jinkiri ba. Kada ku feɗe, kada ku raba nama ko ku sayar da fata, domin nan ake fara zargin farauta. Ku nemi shaidu, ku ɗauki hoton raunin da wurin da waya.

Aikin ƙungiya

A taronku mai zuwa, ku duba shingen ƙayar da ƙananan bisashe ke kwana ciki, ku raba tsaron dare, kuma kowa ya riƙe lambar ma'aikacin gandun daji mafi kusa.