Darasin Su: Ina Za Mu Nemi Giwan Ruwa da Bazara?

Ƴan uwa masunta, da manoma masu taɓa su da rani, darasinmu na wannan fitowa a kan zaɓen wurin su ne da bazara, a tabkunan da ke haɗe da juna. Daga watan Maris zuwa farkon Yuni hatsi ya ja baya a rumbu, aikin gona bai kankama ba, kuɗin kifi ne ke riƙe gidaje da yawa. A wannan lokaci mutum biyu za su shiga ruwa da kayan su iri ɗaya, ɗaya ya fito da kifi, ɗaya ya fito da gajiya. Sau da yawa wurin da kowa ya zaɓa shi ne ya raba su. Mu koyi duban ruwa tun kafin mu jefa koma.

1. Yadda tabkuna ke haɗuwa, su kuma rabu

Da damana gulbi yakan cika, ya malala cikin fadama, ya haɗe tabkuna manya da ƙanana. Kifi ya sami hanya, ya bazu ko'ina don neman abinci da wurin haihuwa.

Mu ɗauki misalin tabkin Madarunfa, a kudu da Maraɗi. Gulbin Gabi ne ke zuba masa ruwa da damana, kuma akwai hanyar ruwa tsakaninsa da Gulbin Maraɗi. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya a Najeriya a 1989, ruwan Gulbin Maraɗi ba ya zuwa kamar da. A jihar Difa, kogin Komadugu ne ke cika tabkunan da ke gefensa. A wajen Gaya kuwa, kogin Kwara ne ke yin wannan aiki. Watannin cika sun bambanta daga wuri zuwa wuri, amma abin da ke biyo baya iri ɗaya ne: ruwa ya janye, hanyoyi su yanke, kowane tabki ya zauna shi kaɗai.

Ga abin da ya kamata mu riƙe: in ruwa ya fara janyewa, manyan kifaye ne ke fara komawa wuri mai zurfi. Ƙananan su ne ke daɗewa a baya, har hanya ta yanke musu. Saboda haka tabkunan da suka sha ruwa ɗaya da damana, da bazara ba kifi ɗaya gare su ba.

2. Abubuwa uku da bazara ke yi wa tabki

Na farko, ruwa yana raguwa. A tsakiyar zafi, rana da iska suna shan kusan santimita 1 na ruwan tabki kowace rana. Mu yi lissafi: Maris, Afrilu da Mayu, kwana 92 ke nan, wato wajen santimita 90. Ba mu sa abin da dabbobi ke sha ba, da abin da injunan ban-ruwa ke ja zuwa garake. Tabkin da zurfinsa mita 1 ne a farkon Maris, a ƙarshen Mayu sai taɓo.

Na biyu, ruwa yana zafi. Inda ba zurfi, nan ne ya fi saurin ɗumama.

Na uku, iskar numfashi da ke cikin ruwa tana raguwa. Kifi yana numfashi kamar mu, sai dai shi a cikin ruwa yake tace iskarsa ta kunnuwansa. Ruwan zafi ba ya riƙe iska kamar ruwan sanyi. Da rana ciyayin ruwa da gansakuka suna ƙara wa ruwa iska, da dare kuma su ma shan ta suke yi. Shi ya sa da asuba ne iskar ruwa ta fi ƙaranci.

3. Kowane kifi da halinsa

Tarwaɗa tana iya leƙowa sama ta shaƙi iskar waje. Don haka tana rayuwa a ruwa kaɗan mai laka, inda wasu kifaye za su mutu.

Gaiwa ta fi ta haƙuri. In tabki ya ƙafe, sai ta nutse cikin laka ta kwanta, har ruwan sama ya dawo.

Karfasa tana son ɗumi. Namijin yakan haƙa ɗan gurbi mai kama da akushi a bakin ruwa, macen ta zuba ƙwai, sannan ta kwashe su ta riƙe a bakinta har su ƙyanƙyashe.

Giwan ruwa, wanda ya fi su duka kuɗi a kasuwa, ba ya da haƙurin tarwaɗa. Ba ya shaƙar iskar waje, dole sai ruwa mai isasshiyar iska. Kifi ne mai farautar kifi: yakan laɓe a inuwa, ya jira ƙananan kifaye su gifta. A manyan ruwaye yana wuce kilo 100. Ba ya fara haihuwa sai ya kai wajen shekara 3. Ƴaƴansa kuma a bakin ruwa suke girma, cikin ciyawa.

Wanda ya san wannan, ya san ba a neman giwan ruwa inda ake neman tarwaɗa.

4. Wane tabki za mu zaɓa?

In tabkuna uku ko huɗu suna kusa da mu, mu yi wa kanmu tambayoyi huɗu.

Wanne ne bai taɓa ƙafewa ba, ko a shekarun fari? Mu tambayi Sarkin Ruwa da dattawan masunta, waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984. Matambayi ba ya ɓata. Tabkin da ya riƙe ruwa a waɗannan shekaru, shi ne gidan manyan kifaye.

Wanne ne hanyarsa ta yanke a ƙarshe? Tabkin da ya daɗe yana haɗe da gulbi, shi ne ya tara kifin da ya gudo daga sauran.

Yaya launin ruwan yake, yaya warinsa? Ruwan da ya yi kore shar kamar miyar kuka, ko mai warin ruɓa, iskarsa kaɗan ce da dare. In mun zo da asuba muka tarar ƙananan kifaye sun taru a sama suna buɗe baki, tabkin ya matsu. Ruwa ba ya tsami banza. Giwan ruwa ba ya jimawa da rai a irin wannan wuri.

Iska tana kaɗa shi? Tabki mai faɗi wanda iska ke motsawa ya fi ɗan tabkin da kainuwa ta rufe. Motsin ruwa shi ke shigar da iska cikinsa.

A taƙaice, giwan ruwa sai babban tabki mai zurfi da motsi. Tarwaɗa da gaiwa kuwa, a ƙananan tabkunan da za su ƙafe. Waɗannan ya kamata a fara kamawa, domin in an bar ƙananan kifayen da ke ciki, rana da tsuntsaye ne za su cinye su.

5. A cikin tabkin, wane wuri?

Mu sami doguwar gora, mu yi mata shaida a kowane rabin mita. Mu shiga jirgi mu biyu, ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana awo. Gora za ta gaya mana zurfi, ta gaya mana irin ƙasan da ke ƙarƙashi. Ga wuraren da za mu nema:

Tsohon kwarin gulbi. Yawancin tabkunanmu akwai hanyar da ruwa ya saba bi ta cikinsu. Nan ne ya fi zurfi, ya fi sanyi.

Inda tudu ya faɗa cikin zurfi. In gora tana nuna mita 1, muka matsa kaɗan ta nuna mita 2 ko 3, mun sami gaɓa. Ƙananan kifaye suna kiwo a kan tudun, giwan ruwa yana jiran su a gindin gaɓar. Babu wurin da ya fi wannan kyau ga ƙugiya mai koto. Koton da ya fi so shi ne ɗan kifi mai rai.

Itatuwan da ke cikin ruwa. Saiwoyin giyayya da na bagaruwa, da kututturen da ya nutse, suna ba shi inuwa da maɓoya. A nan ƙugiya ta fi raga, gama raga takan sarƙe ta yage.

Gefen ciyawa. Mu dasa kayanmu a layin da bado ko kacala suka ƙare, ruwa fili ya fara. Can cikin duhun ciyawa iska kaɗan ce da dare.

Bakin da iska ke tura ruwa. Iska tana kai ƙananan abincin kifi can, ƙananan kifaye su bi, manya su biyo su. Da bazara iska takan juya, ta bar gabas ta koma tasowa daga kudu maso yamma. In ta juya, mu ma mu juya. Zalɓe da sauran tsuntsaye masu cin kifi sukan nuna mana inda ƙananan kifaye suka taru.

Akwai kuskure ɗaya da za mu kiyaye. Ba kowane zurfi ne ke da kifi ba. In gora ta fito da baƙin taɓo mai wari, ƙasan wurin ba iska. Kada mu sake ƙugiya har ƙasa. Mu ɗaga ta zuwa tsakiyar ruwa, ko mu koma inda ƙasan yake da rairayi ko tsakuwa.

6. Wane lokaci?

Giwan ruwa yana fita farauta da sassafe, da kuma daga la'asar sakaliya zuwa bayan magariba. A waɗannan lokuta yakan matso kusa da gaɓa. Da rana tsaka yakan koma zurfi da inuwa ya lafa.

Kifin da aka kama da raga ba ya jimawa a ruwan zafi sai ya fara lalacewa. Ragar da ta kwana, mu ɗauke ta tun da asuba. Mu fede kifin nan da nan, mu sa shi a inuwa. Wanda ba za a sayar ba a ranar, a banda shi.

7. Wuraren da za mu bari

Zaɓen wurin su ya haɗa da sanin inda ba za mu taɓa ba.

Hanyar da ta haɗa tabki da tabki. In shamuwa ta iso, ruwan farko ya sauka, hanyoyin za su sake buɗewa. Tarwaɗa da wasu kifaye sukan bi sabon ruwa ɗauke da ƙwai, su je su zuba cikin ciyawar fadama. Kama su a nan ba wuya, shi ya sa abin yake da haɗari. Wanda ya tare hanyar daga baki zuwa baki, daidai yake da manomin da ya daka irinsa ana gobe shuka.

Bakin ruwa inda karfasa ta yi gurabunta. Jan taru a nan yana rushe su, uwa ta tofar da ƙwan da ke bakinta.

Ramin ƙarshe na babban tabki. A watan Mayu kifin tabki duka yakan taru a wuri ɗaya. In aka kwashe shi ƙaf, babu iyayen da za su cika tabkin baɗi. Ya kyautu ƙungiyar masunta da Sarkin Ruwa su keɓe wannan wuri, su sa masa shaida, kowa ya kiyaye.

Giwan ruwan da bai kai kamu ɗaya ba bai taɓa haihuwa ba. In ya fito da rai, mu mayar da shi. Tsohuwar dokar su da ƙasarmu ta yi a 1998 ta hana zuba guba a ruwa, ta kuma hana raga mai ido ƙasa da faɗin yatsa 3. Sange kuwa na kare iyalinmu daga sauro ne. In an shiga ruwa da shi, har ƙwan kifi yake kwasowa. Game da takardar izinin su da lokutan da ake rufe ruwa, mu tuntuɓi ma'aikatan gandun daji na yankinmu. Su ne kuma ke taimakawa wajen zuba irin kifi a tabkuna.

8. Lafiyar masunci

Tsargiya, wato fitsarin jini, a bakin tabki mai ciyawa ake ɗaukar ta. Ƙananan katantanwa na ruwa ne ke sakin tsutsarta, ido ba ya ganin ta, ta fata take shiga. Da rana tsaka ta fi yawa a ruwa. Wannan ma dalili ne na barin su a lokacin. Kada mu yi fitsari ko ba-haya a tabki, gama ta nan ne ciwon ke komawa ruwa. Wanda ya ga jini a fitsarinsa, ko a na ɗansa, ya je gidan likita. Akwai maganinta.

Ruwan tabki ba na sha ba ne. Mu riƙo na rijiya ko na famfo a gora. Kada mutum ya shiga zurfi shi kaɗai, kuma mu yi hattara da taɓon bazara, yana riƙe ƙafa. Hadarin farko yakan zo da iska mai ƙarfi. In mun ga ya taso, mu fitar da jirgi.

9. Aikin da za mu yi da karatunmu

Kowane masunci ya sami ɗan littafi. Ya ja layi huɗu: rana, wuri, zurfi, kifin da aka kama. Ya riƙa cikawa duk ranar da ya shiga ruwa. Baɗi war haka, littafin zai gaya masa inda zai fara, ba sai ya yi ta lalube ba. In ƙungiya ta haɗa littattafanta, za ta gane ko kifin tabkinta ƙaruwa yake ko raguwa, tun lokaci bai ƙure ba.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Me ya sa tarwaɗa ke rayuwa inda giwan ruwa ba ya iyawa?
2. Tabki yana da zurfin mita 2 ran 1 ga Maris. In yana raguwa da santimita 1 kowace rana, nawa zai rage bayan kwana 60?
3. A tabkin garinmu, ina ne tsohon kwarin gulbi ya bi?
4. Wane wuri ne ya kamata ƙungiyarmu ta keɓe bana?

Allah ya ba mu sa'ar su, ya kai mu damana lafiya.