Amsar Tambaya: Tausa ko asibiti?

Tambaya: Ni tela ne a Tudun Wada, Gusau. Ciwon ƙugu ya dame ni, abokaina sun ce in je wajen mai tausa ya ja min bayan har ya yi ƙara. In je?

Amsa: Malam, Allah Ya ƙara sauƙi. Gyaran gaɓoɓi da hannu ba sabon abu ba ne. Muna da maɗora tun kaka da kakanni, a Amurka kuma likita Andrew Taylor Still ya kafa nasa tsarin a 1874. Tausa tana sassauta naman da ya ɗaure, tana kuma rage zafi na ɗan lokaci. Amma ƙarar da ake ji ba ƙashi ne ya koma gurbinsa ba, iska ce a ruwan gaɓa.

Ciwon irin naka yawanci daga dogon zama ne a kan keken ɗinki, kuma yakan lafa cikin makonni shida. Ka riƙa tashi kana miƙewa duk rabin awa, ka yi tafiya da ƙafa, kada ka kwanta wuni guda. Diclofenac na kullum kuwa yana ɓata ciki da ƙoda.

Idan ƙafa ta fara mutuwa, ko fitsari ya ƙwace maka, ko ga zazzaɓi da rama, kada kowa ya taɓa bayan nan. Tarin fuka yana kama ƙashin baya, ja da ƙarfi kuma na iya gurgunta mutum. Ka nufi Asibitin Tarayya na Gusau ko na Yariman Bakura, likita ya duba ka, ya tura ka wajen masu gashin ƙashi.

Wuya kuma, don Allah, kada ka bari a murɗa maka.